Layin da Na Rubuta a Tudun Acca

Da sunan Allah nake farawa, wanda in Ya so yakan jinkirta wa bawa har ya gyara abin da ya ɓata.

A shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo ƙasar nan, aka yi ta tururuwa zuwa Kaduna kallo, ni ban je ba. Tafiyata ta wannan shekara sai ƙarshen damina na yi ta, kuma ba kallo ya kai ni ba. Tun da na komo Zariya, da wuya a idar da la'asar a masallacin unguwarmu wani bai riƙe mini hannun riga ya ce in ba shi labarin Kudu ba. Wani so yake ya ji ko da gaske a kan duwatsu ake kwana a can, wani kuma damuwarsa me na ci. In na ba da labarin gutsi-gutsi, kowa sai ya tsinci abin dariya ya bar abin da ya tashe ni daga gida. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Abin da ya kai ni layi ɗaya ne da na rubuta da hannuna. A shekarar da fara ta yi ɓarna, ina saurayi, aka ɗauke ni malamin rubutu cikin ayarin wasu masu awon ƙasa. Aikina in rubuta da ajami abin da dattawan kowane gari suka faɗa game da asalinsu da iyakarsu. Muka kai wani ɗan gari bayan Godogodo, fatake suna ce masa Tudun Acca, mutanensa kuwa suna da nasu sunan da harshena bai taɓa fitar da shi daidai ba. Rafi ya bi ta gabas da garin, a ƙetarensa akwai daji da wani dutse mai tsawo. Mai magana da yawunsu wani ƙaƙƙarfan mutum ne ana ce masa Dogo. Ya ce ƙetaren rafin nasu ne, a kan dutsen nan kakanninsu suka zauna kafin Turawa su sauko da su, kuma a gindinsa gonakinsu suke, suna noma su shekaru su bar su su huta shekaru. Amma ya ce mun zo a ranar farko ta kwana taran da ɗan gari ba ya ƙetare rafin, sai dattawa sun ɗanɗana sabuwar acca. Mu jira kwana tara, zai kai mu ya nuna mana komai da ƙafarsa.

Shugaban ayarinmu ya ce shi ba zai zauna jiran tsafi ba. Ya dubi ƙetare daga inda yake zaune, ya ce in rubuta abin da ido ya gani. Mu baƙi ba wanda ya hana mu ƙetarewa, sai dai ruwan ya kai ƙirji, ni kuma ina da sabuwar riga. Na rubuta cewa ƙetaren rafi daji ne, ba mai shi. Dogo bai iya karatu ba, amma ya ga doguwar maganarsa ta koma rabin layi. Ya riƙe bakin gafakata, ya ce in dawo bayan kwana tara mu zaga ni da shi. Na ce in sha Allahu. Ban koma ba.

Shekara ashirin da 'yan kai suka wuce. Ran nan wani mai sayar da citta ya kawo mini wasiƙa daga wani Malam Yohanna, malamin makarantar mishan a Tudun Acca, ɗan Dogo. Ya ce wata uku yana cigiyata wurin fatake. Ana shirin mai da ƙetaren rafinsu gandun daji, wanda in an kafa shi ba noma, ba sara, ba kiwo har abada, kuma hujjar da aka riƙe ita ce wata tsohuwar takarda da ta ce ƙasar ba ta da mai ita. Gonakin sun huta shekara bakwai, baɗi ne za su koma musu, don na wannan ƙetaren sun gaji. Ya faɗi ranar da malamin daji zai zo yanke magana. A ƙarshe ya ce ubansa ya makance, amma tsohon ya ce a gaya mini na ce zan dawo.

Kwana biyu ban iya karantar da ɗalibaina ba. A na uku na ɗauki gafaka da buta na nufi tasha.

Jirgin ƙasa na shiga daga Zariya zuwa Kaduna, a can na sake wani mai bin Kafanchan. Taragon ya cika har bakin ƙofa. Da azahar ta yi na nemi inda zan sa goshi, ga wani ɗan garinmu cikin babbar riga ya shimfiɗa kayansa a wurin mutum uku. Na roƙe shi ya ɗan matsar da ƙunshi ɗaya, ya ce fatu ne a ciki, in aka motsa su za su karye. Fatu! Wani Inyamiri mai sayar da fitilu, wanda ko gaisuwa ba mu yi ba, shi ya ɗora akwatinsa a cinya ya ba ni wuri, ya kuma tare mini masu wucewa da ƙafarsa har na sallame. Mai fatu yana kallo yana jan carbi. Har muka wuce Zonkwa raina bai kwanta ba.

Daga nan ƙasa ta fara sakewa. Duwatsu suka yi yawa, ciyawa ta fi mutum tsawo, a tashoshi mata suna kawo doya da gyaɗa dafaffiya. Waɗansu na gani suna ɗauke da kaya a kafaɗa ba a kai ba. Na tambayi wani dattijo da ke kusa da ni, ya ce a wurinsu kai ya fi ƙarfin a mai da shi jaki. Na tuna yadda matanmu suke ɗora tulu uku a kai muna yaba musu.

Kafanchan gari ne da jirgi ya haifa. A zuwana na fari ba ta kai haka ba, yanzu kuwa layin dogo ya rabu uku, kasuwa ta cika da kowane irin yare, kowa yana Hausa ta bakinsa. Na sauka a zango wurin wani mai masauki, Bakano, mai fara'a har sai da ya ji inda za ni. Ya ce me malami kamata zai nema wurin arna. Kafin in amsa ya shiga ba ni tarihin Tudun Acca: wai ba gari ba ne, leburorin kuza ne suka yi bukkoki, ba su da asali, ba su da iyaka, inda dare ya yi musu nan ne gida. Na tambaye shi sau nawa ya je. Ya ce shi me zai kai shi, ai abu ne da kowa ya sani. Shekara goma sha yana cin doyar mutanen nan, bai taɓa taka hanyar garinsu ba, amma ya san asalinsu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne muryata nake ji a bakinsa, muryar saurayin nan mai sabuwar riga. Ɗakin da ya ba ni yana yoyo ta kusurwa biyu, tabarmar kuma akwai masu ita tun kafin in zo, suka ci rabonsu a jikina. Abinci teba ce aka kawo daga kasuwa, da wata miya mai manja da barkonon da ya sa na yi ta hawaye kamar an aiko mini da rasuwa. Amma na cinye.

Da safe na shiga babbar mota mai kai leburori wajen Godogodo. Ba mu yi nisa ba aka yi ruwa, muka tarar an sauke shinge a hanya, don a can in an yi ruwa ba a barin mota ta bi sai jar ƙasar ta sha iska. Muka zauna tun hantsi har bayan azahar. A wurin ne masu duba ciwon barci suka jera mu suna lalube wuyan kowa. Aka sa na kwance rawanina a gaban jama'a, wani ya danna mini maƙogwaro da hannun da ya taɓa wuya talatin bai ga ruwa ba, sannan ya ce lafiyata ƙalau, kamar shi ya ba ni. Ina naɗa rawani na tambayi mai shingen ina ne iyakar lardin Zariya da na Filato, don an ce mun baro namu tun kafin Kafanchan. Ya ce a takarda take. Na tambayi direba, ya nuna baya da haɓa. Ba wanda ya iya nuna mini ko itace ɗaya. Na ce a raina, wani ne shi ma ya zauna a inuwa ya ja layi.

A Godogodo Malam Yohanna yana jirana da keke. Mutum ne siriri, mai tsabta, Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya zo" ne, amma ba ya kwana-kwana a magana. Ya ɗaure gafakata a keken muka taka, shi bai hau ba don kada ya bar ni a ƙasa. A hanya ya gaya mini abin da ya tsayar da ni cak. Ranar da malamin daji ya sa, wato gobe, ita ce ta huɗu cikin kwana taran nan. Sau biyu ya rubuta wasiƙa yana roƙo a ɗaga da mako ɗaya. Ta farko ba a amsa ba, ta biyu aka ce aikin gwamnati ba ya bin camfi.

Wato abin da muka yi ina saurayi shi za a sake yi, a kan rafi ɗaya, a wata ɗaya, ga mutum ɗaya. Duk faɗin shekara ba a sami ranar zuwa ba sai cikin kwana taran da aka san masu ƙasa ba za su iya nuna ta ba.

Masaukin da suka yi mini ya kunyata na zango. An share ɗaki, an sa sabuwar randa da ba a taɓa zuba giya a ciki ba, Yohanna ya nuna mini gabas tun ban tambaya ba. Matarsa ta aiko da zakara da rai, da wuƙa, don in yanka da hannuna. Doya da gwaza muka ci, ga acca ta nuna a bayan gida tana zuba, ba mai taɓa ko zangarniya ɗaya, har yaran da ake cewa ba sa jin magana. Mu sai mun girbe mun auna muke fitar da zakka, wani ma sai an bi shi. Ba na tare da su a abin da suke bauta wa, Allah Ya sani, amma na ga mutanen da in sun ce ba a yi, to ba a yi.

Da yamma aka kai ni wurin Dogo. Yana zaune a kan wani kututture, ya rame, idanun sun yi fari. Na yi sallama na durƙusa. Ya miƙo hannu ya laluba nawa, yatsa bayan yatsa.

"Kai ne mai alƙalami?"

"Ni ne, Baba."

"Kwana tara naka ya yi tsawo."

Ya saki hannuna.

Washegari malamin daji ya iso da hantsi a kan keke, saurayi ne cikin kaki da gajeren wando, da takalmi mai nauyi da fayil a hammata. Ba mugu ba ne, sauri ne ya yi masa yawa, don motarsa da ya bari a Godogodo za ta koma da la'asar. Aka zauna gindin mangwaron makaranta. Cikin waɗanda suka zo har da Ardo Buba, wani Bafillace da rugarsa take ƙetaren rafi, wanda in an kafa gandun shi ma burtalinsa ya toshe. Da isowarsa ya gai da Dogo da cewa ashe tsohon nan bai mutu ba tukuna, Dogo ya ce ba zai mutu ya bar wa ɓarawon ciyawa gari ba. Aka yi dariya, ita ce kaɗai dariyar da aka yi da safen nan.

Malamin daji ya ce magana gajeriya ce. Duk mai cewa yana da gona a ƙetare ya tashi ya nuna masa yanzu. Ba wanda ya motsa. Ya juya wurin Yohanna ya ce, Tica, kai da kake zuwa majami'a, me ya hana ka? Yohanna ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ba ya tsoron rafin, amma ba zai taka fuskar ubansa a gaban gari ba. Kuma ko ya ƙetare ba abin da zai nuna, don tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana, ya san kogunan Ingila bai san iyakar gonar kakansa ba. Malamin daji ya buɗe fayil ya karanta da Turanci, ya fassara: ƙetaren rafi daji ne, ba mai shi. Ya ce an kwafe wannan magana sau uku, da hatimi uku, ba a warware irinta da baki.

Na roƙe shi ya duba can ƙarshen fayil ɗin ko akwai wata takarda ta ajami. Ya ce akwai wata tsohuwar takarda da aka maƙala, su a ofis sun ɗauka laya ce wani ya mance, ba wanda ya yarda ya cire ta. Laya! Rubutun da aka yi shari'a da shi, aka yi wasiƙun sarakuna da shi tun kafin a haifi kakan mai hatimin, yau ya zama abin da ake tsoron taɓawa. Na haɗiye fushina na karɓa. Tawadar ta koɗe amma hannuna ne. Na fiƙe alƙalami na sake rubuta layin a gabansa, na ajiye biyun gefe da gefe. Ko wanda bai iya karatu ba ya ga hannu ɗaya ne.

Sai na miƙe tsaye, don maganar ba ta zaune ba ce.

"Ni na rubuta wannan, kuma ƙarya na rubuta. Ban ƙetare rafin nan ba. Wanda ya sa ni ma bai ƙetare ba. Mutumin nan ya gaya mana gaskiya, muka ƙi jira."

Yohanna ya juya musu da yarensu. Malamin daji ya dube ni ya ce in na yi ƙarya a wancan karo, da me zai san ba ita nake yi yanzu ba. Maganar ta yi mini zafi, amma daidai ce.

Ardo Buba ne ya fid da mu. Ya ce a bar malami da rantsuwarsa, a tambayi ƙasa. Tsohon nan ya shekara biyar bai ga tafin hannunsa ba. To ya zauna a nan ya faɗi abin da ke ƙetare ɗaya bayan ɗaya, malami ya rubuta, mu baƙi uku da dokar ba ta hau kanmu ba mu je mu duba. In daji ne mara mai shi, makaho ba zai san abin da ke cikinsa ba. Dattawa suka yi shawara da yarensu, suka ce baƙo ya je, amma kada ya sari ice, kada ya kunna wuta.

Dogo ya gyara zama. Ya ce mu ƙetare ta wurin rimi mai rassa biyu. Mu bi hannun dama har wata ɗorawa, a gindinta akwai duwatsun niƙa uku, na tsakiya ya fashe. Daga nan shingen ƙerana zai fara, wato itacen nan mai ƙaya da farin ruwa da suke kewaye gona da shi, mu bi shi har ya karya kwana wajen dutse. A kwanar mu tona da ƙafa, za mu sami kashin maƙera inda kakansa ya narka ƙarfe. Sama da nan duwatsu ne aka jera hawa-hawa don tare ƙasa. Yana faɗa ina rubutawa, a wannan karo ban rage ko harafi ba. Da ya zo ƙarshe ya sassauta murya ya faɗi wani abu, ya ce in rubuta shi ma.

Ruwan yana nan yadda na bar shi, har ƙirji. Na tuɓe riga na naɗe takardar a ciki na ɗora a kai. Malamin daji ya tsaya yana waige-waige ko za a sami mai goya shi, Ardo ya ce masa shanu kaɗai yake ƙetarwa, su ma da ƙafarsu. Ya cire takalmi ya shigo. Ruwan da na ƙi shiga da ƙuruciyata, shi na shiga da furfura, santsi ya kwashe ni sau biyu, Ardo yana riƙe da ni ta wuyan taguwa.

Ga ɗorawa, ga duwatsun niƙa uku cikin ciyawa, na tsakiya a fashe. Malamin daji ya ce mafarauta ma suna iya barin irinsu. Muka ci gaba. Sai muka kai ƙerana. Ta yi tsawon mutum biyu, ta miƙe sambal kamar an ja igiya, ta je ta karya kwana. Shi ma'aikacin daji ne, ya fi ni sanin itace ba ya tsirowa a layi don kansa. Ya tona kwanar da ƙafarsa, baƙin kashin maƙera ya fito. Ya ɗauki guda ya juya shi a hannu, ya sa a aljihu, ya ciro fensir.

A nan ne na yi wautar da 'yan masallacinmu suka fi son ji. Na matsa in nuna masa inda shingen ya ci gaba, na ture wani reshe da hannu, ya ɓalle, farin ruwan ya fantsamo mini a idon hagu. Ban taɓa jin azaba irin wannan ba, barkonon Kafanchan wasa ne. Ardo ya ja ni da gudu zuwa inda shanunsa suke kiwo, yana faɗa da Fillanci, abin da na tsinta a ciki shi ne malaman birni ba su san komai ba sai takarda. Ya kwantar da ni a ƙasa, ya jawo wata saniya, ya tatso nono kai tsaye cikin idona har ya malalo mini a kunne. Da ikon Allah zafin ya sauka. Kwana uku idon yana kumbure, amma ga shi ina rubutu da shi.

Da ido ɗaya na hau jerin duwatsun, da shi na karanta musu layin ƙarshe: in kun kai duwatsu biyu da suka jingina da juna, ku tsaya, abin da ke gaba ba na takarda ba ne. Ga duwatsun a gabanmu, bayansu wani kurmi mai duhu. Malamin daji ya ce sai ya shiga, don abin da bai gani ba ba zai rubuta ba. Ardo ya ce shekara talatin yana kiwo a nan, ko maraƙi bai taɓa bari ya shiga ba, kakannin mutane ne kwance a ciki. Ni ban yi gardama ba, na zauna a tsakiyar hanyar, wadda ba ta fi faɗin mutum ɗaya ba. Da ya ga na tare hanya, malamin daji ya ce to daga duwatsun nan zuwa sama zai shiga gandu, kada a ce bai faɗa ba.

Muka komo bayan azahar. Duk abin da aka ƙi yi shekara ashirin da 'yan kai, aka kwafe ƙarya sau uku da hatimi a kansa, aka kusa raba gari da abincinsa, bai fi tafiyar rabin yini ba. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake ajiye cokali.

Malamin daji ya rubuta abin da ya gani ya karanta wa jama'a, ya ce gonaki daga rafi zuwa duwatsu biyu suna da masu su, kurmin sama kuwa na gandu ne. Na zaci Dogo zai yi fushi. Ya tambaya me ake yi wa wurin da ya shiga gandu. Aka ce ba sara, ba noma, ba wuta. Ya ce to ai haka suke yi da shi tun da, in gwamnati tana so ta taya su gadi, ba su hana ba. Malamin daji ya ce maganar ƙarshe daga sama za ta fito, ya hau kekensa ya bi motarsa. Bayan na komo gida da wata biyu Yohanna ya rubuto cewa an tabbatar, har sun fara sassabe.

Ni dai tawa ba ta ƙare a gindin mangwaro ba. Washegari da safe Yohanna ya zo ya ce ubansa yana kirana bakin hanya, inda ake shiga gari. Na tarar da shi tsaye da sanda, da dattawa biyu, da ƙwarya cike da ruwa a ƙasa. Yohanna ya ce a wurinsu in mutum biyu suna da magana a tsakani, kowa yakan faɗi abin da ke cikinsa, ya guntsi ruwa daga ƙwarya ɗaya ya fesar a ƙasa, daga ranar ba a sake tayar da ita. Na tambaye shi ko ana kiran sunan wani abin bauta a kan ruwan. Ya ce ba a kiran kowa, su ma masu bi, wato Kirista, suna yi. Na duba a raina, ruwa ne da kurkure baki, abin da nake yi sau biyar kowace rana. Na ce bismillahi.

Dogo ya fara. Na zaci ƙasar zai ambata, bai ambace ta ba.

"Ran na goma na zo nan na tsaya, da kaza a hannu, tun safe har rana ya faɗi. An gaya mini malami in ya kira sunan Allah ba ya fasawa. Daga ran nan, in malami ya ce in sha Allah, sai in ce wa yara kada su jira."

Duk abin da aka faɗa mini a tafiyar nan ba wanda ya shige ni kamar wannan. Ƙasa na san na zalunce shi a kanta, amma ban san na sa sunan Ubangijina ya yi arha a bakin wani gari ba. Da aka ce in faɗi tawa, na ce ba ni da komai a kansa, shi ke da shi a kaina, ina roƙonsa ya yafe, ina roƙon Allah Ya yafe.

Yohanna ya ɗaga ƙwaryar zuwa bakin ubansa. Ya guntsa, ya fesar. Aka miƙo mini, na sa baki inda ya sa, na guntsa na fesar a kan nasa. Jar ƙasar ta shanye duka biyun.

"Ya fita," in ji Dogo. Ya miƙa wa ɗansa sandar, ya lalubo kafaɗata ya dafa. "Kai ni gida, mai alƙalami. Yohanna sauri ya cika, kai kuwa na san ba ka da shi."

Dattawan suka yi dariya. Muka juya muka nufi gari, a hankali, yana gaya mini inda zan sa ƙafa.